Fata da Hunturun Kano: Tambayoyi da Amsoshi kan Kaushi, Faso, Ƙaiƙayi da Danginsu

Da zarar Nuwamba ta yi nisa, hazo ya lulluɓe Dala da Goron Dutse har ba a hango su daga nesa, to fata ce ke fara ba da labari. Yaro ya fito da safe ƙafa furu-furu kamar wanda ya yi birgima a toka, leɓe ya tsage, dunduniya ta dare. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi a irin wannan lokaci. Na haɗa da wasu cututtukan da ba ruwansu da hunturu, domin a garin nan duk abin da ya fito wa mutum a jiki sunansa ƙuraje, kuma mai ɗaya ake shafa wa kowanne.

Me ya sa fata ke bushewa da hunturu, amma da damina ba ta yi?

Iskar hunturu daga Sahara take tasowa, ta arewa maso gabas, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take kawo mana daga wani kwari ne da ake kira Bodele a arewacin Chadi. Iska ce marar laima. Tsakanin Disamba da Fabrairu laimar iska a Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, alhali a watan Agusta takan haura kashi 70. Shi ya sa mai wanki kafin ya shanya rigar ƙarshe ta farko ta bushe. Abin da iskar ke yi wa riga a kan igiya shi take yi wa fatarka.

Saman fata kamar katangar ƙasa yake, tubali da yaɓe. Ƙwayoyin fata su ne tubalin, wani maiƙo da jiki ke samarwa shi ne yaɓen da ke hana ruwa fita. In yaɓen ya zube, ruwa ya tsere, fata ta tsattsage, ƙura da sabulu su sami hanyar shiga, sai ƙaiƙayi. Tsofaffi da ƙananan yara sun fi shan wahala, domin maiƙon da fatarsu ke yi bai kai na matasa ba.

Da sanyin nan ba na iya wanka sai da ruwa mai zafi ƙwarai. Akwai laifi?

Akwai, Hajiya. Yadda ruwan zafi ke narkar da maiƙon miya a kwano, haka yake wanke maiƙon fata. A sirka shi ya koma mai ɗumi, kuma kada wankan ya wuce minti 5 zuwa 10.

Sai maganar dirza. Mun taso da cewa wankan da ba a dirje jiki da soso ba har ya yi ƙara, ba wanka ba ne. Da hunturu a sassauta. Hammata, matsematsi da ƙafafu su ke buƙatar sabulu kullum. Ƙwauri da damatsa ba su yi laifin komai ba. Sabulun wanki na tufafi ne. Sabulun da ake ce wa na magani, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da wasu ke ɗigawa a bokiti kullum, sun fi jawo bushewa da ƙaiƙayi a kan abin da suke karewa. Sabulun salo yana fitar da dauɗa, amma da toka ake yin sa, yana da kaifi; wanda aka cakuɗa da man kaɗanya ya fi sauƙi a jiki.

Wane mai ya fi? Na sayi masu tsada, ba su yi mini komai ba.

Kafin a kai ga wane mai, a fara da yaushe. Mai ba ya zuba wa fata ruwa, tsare wanda ke cikinta yake yi. In kika fito wanka kika goge jiki ƙarƙaf, kika zagaya kicin, kika shirya yara, sannan kika dawo shafa mai, kin rufe ƙofa ne bayan ɓarawo ya fita. A tsane jiki da tawul a hankali, a shafa mai cikin minti biyu zuwa uku, fata na da sauran danshi. Wannan kaɗai ya fi sauya kwalba sau goma.

Game da man kansa, basilin fari marar turare yana cikin waɗanda suka fi kowanne hana ruwa fita daga fata, ga shi da araha. Man kaɗanya na gaske, irin wanda ake samu a Kasuwar Kurmi da ta Rimi, shi ma ya isa. A murza shi a tafin hannu ya narke tukuna. Gilisirin janyo ruwa yake yi, saboda haka kada a shafa shi tsurarsa a busasshiyar fata: a sirka da ruwa, a shafa, sannan a bi shi da basilin ko man kaɗanya. Man ruwa-ruwa mai ƙamshi na damina ne, da hunturu kafin azahar ya gudu. Turaren da ke cikinsa ma yakan tayar wa wasu da ƙaiƙayi.

Gargaɗi ɗaya: tufafin da suka sha basilin saurin kama wuta gare su. Mai jin ɗumi a gaban kasko ya ja baya, musamman yara. Yawan kusantar garwashi ma kan bar wani zane-zane baƙi kamar raga a ƙwauri, wanda ke daɗewa bai goge ba.

Ina alwala sau biyar, man da na shafa da safe duk ya wanke. Yaya zan yi?

Ka ajiye ƙaramar kwalba a aljihu, ko a shago, ko a cikin mota. Bayan alwala ka tsane hannu da ƙafa, ka shafa kaɗan wanda fata za ta shanye. Shafa mai ba ya cikin abubuwan da ke warware alwala. Barin ruwan ya bushe da kansa a iskar asuba shi ke tsaga bayan hannu.

Wuri ɗaya ne ba ya son mai: tsakanin yatsun ƙafa. Nan bushewa yake so. In aka bar shi a jiƙe aka zura safa da takalmi sau-ciki, cin ruwa ke biyo baya, fatar ta yi fari ta saɓule tana wari.

Faso ya hana ni taka ƙasa. Mene ne maganinsa?

Na taɓa ganin wani dattijo a bakin masallaci bayan sallar asuba, ya kunna kyandir yana ɗiga narkakken a cikin tsagar dunduniyarsa, yana cije baki. Na ce, "Baba, ba zafi?" Ya ce zafin fason ya fi. Wasu kuma reza suke sawa su fere kaushin, har da masu ɗinke tsagar da zare. Duk wannan neman gyambo ne.

Da dare a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kamar minti 10, a goge kaushin da dutsen goge kaushi a hankali, ba sai an ga ja ba. A tsane, a shafa mai mai ɗauke da sinadarin urea, kashi 10 zuwa 25 cikin 100, ana samunsa a kantin magani. In babu, basilin mai kauri. A sa safa a kwana da ita. A yi haka kullum, ba sai ranar da ya yi tsami ba. Da rana kuma a nemi takalmin da ke riƙe dunduniya, domin silifas barin ta yake tana bajewa tana darewa a cikin ƙura.

Mai ciwon sukari kuwa hukuncinsa daban. Ƙafarsa ba ta jin ciwo sosai, rauninsa kuma ba ya saurin warkewa. Kada reza ta kusanci ƙafarsa, ya riƙa duba tafinta kullum, kuma duk tsagar da ta yi ja, ta kumbura ko take ruwa, asibiti a ranar.

Leɓena na tsagewa har jini.

A daina lasa. Yawu na bushewa ya tafi da sauran danshin. Basilin sau da yawa a rana, da lokacin kwanciya, kuma kada a ɓamɓare ɓawon da haƙori. A riƙa shan ruwa ko ba a jin ƙishirwa.

Jariri fa, da mai jego?

Fatar jariri siririya ce, duk abin da aka shafa mata tana sha fiye da ta babba. Wanka sau ɗaya a rana da ruwan ɗumi ya wadatar da sanyi. A gwada ruwan da gwiwar hannu. Basilin fari ko man kaɗanya tsurarsa. Ban da haɗi, ban da mai turare. In ƙuraje suka fito masa a wurin kunzugu, a yawaita canzawa, a bar wurin ya sha iska, a shafa basilin ko man zinc oxide.

Mai jego kuma, na san ba a jayayya da iyaye mata a kan wankan jego, amma ruwan da ke tafasa yana ƙona fata, ba gasa ta yake ba. A roƙi Inna ta sirka.

Duk gidanmu muna susa, musamman da dare. Bushewar fata ce?

In mutum ɗaya ke susa, wataƙila. In gida ne gaba ɗaya, kuma abin ya fi tashi bayan an kwanta, a duba tsakanin yatsun hannu, wuyan hannu, hammata, ƙugu, cibiya da al'aura. In akwai ƙananan ƙuraje a nan, ƙazuwa ce mafi kusa. Wani ƙwaro ne ƙanƙani da ido ba ya gani, macen ke haƙa rami a cikin fata tana zuba ƙwai. Ana ɗauka ta haɗa jiki da kwana a shimfiɗa ɗaya, shi ya sa take yawa a makarantun allo, makarantun kwana da gidajen da mutane suka yi yawa. Ba ta tambayar ko mutum na wanka. Mai tsabta ma tana kama shi. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Maganinta sananne ne. Ana shafa man permethrin mai kashi 5 daga wuya har tafin ƙafa, ba a kan ƙurajen kawai ba, a kwana da shi awa 8 zuwa 14 sannan a wanke, a maimaita bayan mako guda. Akwai kuma ruwan benzyl benzoate, wanda aka fi samu a nan, yana da raɗaɗi kuma ana sirka wa yara shi. Akwai ƙwayar ivermectin, amma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Jarirai da masu ciki likita ne zai zaɓa musu.

Inda aka fi faɗuwa shi ne a yi wa wanda ke susa magani a bar sauran. Wanda ya ɗauka yau zai iya yin mako 4 zuwa 6 bai fara susa ba, alhali yana rabawa. Kowa a gidan a rana ɗaya, har mai gida, ko da ya rantse ba ya jin komai. Tufafi da zannuwan gado a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda a ajiye mako guda. Ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku in ba a jikin mutum ba. Ƙaiƙayin kan ci gaba har mako huɗu bayan ƙwaron ya mutu, wannan ba ya nufin maganin bai ci ba.

In ƙurajen yaro suka yi mugunya, daga baya fuskarsa ta kumbura ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, a garzaya asibiti. Ƙwayar cutar da ta shiga ta wurin susar tana iya taɓa ƙoda.

Ɗana ya fito da ƙora a kai. Na shafa mai wata guda, ba ta tafi ba.

Ba za ta tafi ba, domin cutar a cikin gashin take har saiwarsa, mai ba ya kaiwa can. Ƙora sai da maganin sha, kamar griseofulvin, mako 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro, saboda haka ma'aikacin lafiya ne zai rubuta. Kada a kankare wurin da aska, kada a shafa ruwan batir ko baƙin mai. Tabo suke bari, gashi ya ƙi fitowa har abada. A raba masa mataji da hula da tawul, kuma in da hali a saya masa injin askinsa, don a wurin aski ake yawan kwasowa.

Makero, ɗan'uwanta na jiki, mai zagaye kamar zobe da baki tudu-tudu, shi yana jin mai irin clotrimazole, sau biyu a rana, mako 2 zuwa 4. A ci gaba da shafawa mako guda bayan ya ɓace.

Fari-fari ya fito mini a ƙirji da baya. Mai kemis ya ce egzima ce.

A Najeriya kusan kowa ƙyasbi yake nufi in ya ce egzima, likita kuwa wani abu daban yake nufi. Ƙyasbi wani nau'in ƙwayar cuta ne (fungus) da dama yana zaune a fatar kowa, zafi da zufa da maiƙo ke sa ya yi yawa. In an kankara shi da farce yana tashi kamar gari. Sabulun ruwa mai ketoconazole ko selenium sulfide, a shafa a bar shi minti 10 a wanke, shi ke kashe shi. Launin fata kan ɗauki watanni kafin ya dawo, kuma yana son komowa da bazara.

Egzimar likita kuwa bushewa ce da ƙaiƙayi mai tsanani, ta fi kama yara a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa, sau da yawa a gidan da ake da asma. Ba a ɗauka. Ginshiƙin kula da ita mai ne safe da yamma, sai maganin shafawa na ɗan lokaci in ta tashi. Rigar sanyi mai gashi-gashi tana tayar da ita, a sa ta auduga a ciki. Ta gwanjo daga Ƙofar Wambai kuma a wanke kafin a sa.

Akwai farin da ba a wasa da shi. Tabon da ya fi sauran jiki haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zufa, kuma in an shafa shi da auduga mutum ba ya ji, ana zargin kuturta. Tana warkewa sarai da maganin wata 6 ko 12, kyauta ake bayarwa, kuma wanda ya fara da wuri ba ya rasa yatsa ko ɗaya.

Man nan na tub da ake ce wa mai aiki uku (triple action), wanda ake haɗawa da basilin, ai yana aiki. Me ya sa ake hanawa?

Wata maƙwabciyarmu ta taɓa nuna mini kwalbar man jaririyarta. Basilin ne, an matse tub biyu na irin wannan mai a ciki an juya da tsinke. Ta ce tun suna ake shafa mata kullum, don ƙuraje kada su fito, kuma ga shi yarinyar ta yi haske. Da na duba cinyar yarinyar, jijiyoyi ake gani ta cikin fata, kumatu sun yi suntum. Uwar tana murna ƙiba ce.

Waɗannan mayuka suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi. A jikin kwalin za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Aikinsa kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, shi ya sa kowace cuta aka shafa masa sai ta yi kamar ta warke cikin kwana uku. Ba warkewa ta yi ba, bakinta aka toshe. Makero a ƙarƙashinsa faɗaɗa yake yi ya ɓata kamanni har likita ya sha wuyar gane shi. Ƙazuwa ta samu sarari ta hayayyafa. In aka daɗe, fata ta yi siriri, nankarwa mai faɗi ta fito a hammata da cinya wadda ba ta gogewa, ƙuraje su cika fuska. A jikin jariri maganin har jini yake shiga, ya kumbura fuska, ya tauye girma, ya raunana garkuwar jiki.

Sitiroyid magani ne na gaske in likita ya rubuta shi don cuta sananniya, na kwanaki ƙidayayyu. Man shafawar kullum ne bai zama ba. Wadda ta daɗe a kansa kuma kada ta yanke rana ɗaya, fatar za ta yi bore. Ta je a tsara mata yadda za ta janye a hankali.

Man bilicin fa, in an ce na gargajiya ne ko na itatuwa?

Haɗin da ba shi da suna, ba lambar NAFDAC, kuma ya sauya launin mutum cikin mako biyu, da wuya a rasa ɗaya daga cikin uku a ciki: sitiroyid, hydroquinone, ko zaiba (mercury). Hydroquinone in an daɗe ana shafawa yana kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da ya fi launin farko duhu, kuma da ƙyar yake tafiya. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki. Fatar da ta sha bilicin ba ta riƙe ɗinki da kyau bayan tiyata. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Amarya da ke gyaran jiki ta tambayi mai dilka abin da ta zuba a haɗinta.

Baƙin lalle ya tasar mini da hannu.

Jan lalle na ganye da wuya ya cutar da kowa. Baƙin kuwa rinin gashi ake zuba masa, mai sinadarin da ake kira PPD, shi ke sa zanen ya kumbura ya yi ruwa bayan kwana biyu ko fiye. Wadda ya taɓa yi wa haka ta bar shi har abada, har da rinin gashin kansa. Irin wannan ne ke samun birkila da siminti, da masu aikin jima a Sharaɗa da Challawa, da masu wankin mota da omo, da mai ɗan kunnen ƙarfe. Safar hannu da mai bayan an tashi aiki suna rage shi.

Ƙurajen fuska da na zufa?

Na fuska: kada a matsa, tabon baƙi ya fi ƙurjin daɗewa. A wanke sau biyu a rana, a hana man kitso gangarowa goshi, a gwada benzoyl peroxide, a ba shi mako 6 zuwa 8. Na zufa kuwa na bazara ne; a bar mai mai kauri, a sa auduga, a watsa ruwa.

Yaushe abin ya wuce gida, kuma ina za a je?

Kada a kwana da waɗannan: ƙuraje da zazzaɓi tare da gyambon baki ko jan ido bayan an fara sabon magani, musamman masu sinadarin salfa; borin jini da kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi; ƙafar da ta yi ja, ta kumbura, tana zafi; jariri da ƙuraje masu ruwa. Ƙaiƙayin dukan jiki ba tare da ƙurji ba yakan zama alamar hanta ko ƙoda, haka ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa ga mai tsohon ciki. Zabiya kuma, duk gyambon da ya yi mako uku bai warke ba a nuna shi, domin rana na jawo musu kansar fata. Hula mai faɗi, dogon hannu da man kariyar rana mai lamba 50 dole ne a gare su.

A fara da asibitin unguwa. In abin ya ƙi, akwai likitocin fata a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai Asibitin Murtala, akwai kuma na Yadakunya da aka fi sani da Bela, wanda ya daɗe yana duba kuturta da cututtukan fata. Ranar zuwa kada a shafa komai a wurin, kuma a zuba duk kwalabe da tub-tub ɗin da aka yi amfani da su a leda a tafi da su, har da haɗin nan da ba a san sunansa ba.